Tambarin kwaɗo da dokar dajin Turai: me satifiket ke iya yi wa mai fitar da koko, a ina kuma ƙarfinsa ya ƙare

Wani abokina da ke harkar riɗi da zoɓo a Dawanau, tun lokacin da tan ɗin koko ya haura dala dubu 10 a 2024 hankalinsa ya tashi, ya ce shi ma sai ya sa ƙafa. Koko fa na cakulan nake nufi, ba wanda muke sha da ƙosai ba. Ya samu wani mai sito can Ondo suka ƙulla, rannan sai ga hoton takarda ya turo min da tambarin koren kwaɗon nan na Rainforest Alliance a samanta, ya rubuto "Malam ai mun gama, duk wannan dokar Turawan da kake ta ba ni tsoro da ita ga maganinta". Na ce masa Alhaji takardar nan tana da amfani ƙwarai, amma in ita kaɗai ka riƙe kwantenarka za ta iya yin kwantai a tashar ruwa ta Amsterdam. Ya ga kamar baƙin ciki nake masa. Shi ya sa na ce bari in zauna in warware abin a tsanake don na san ba shi kaɗai ba ne mai wannan fahimtar.

Dokar dai ita ce wadda ake kira EUDR a taƙaice, ta Tarayyar Turai, lambarta 2023/1115, ta zama doka ranar 29 ga Yunin 2023. Kaya bakwai ta shafa: shanu, koko, kofi, manja, roba, waken suya da katako, da kuma abubuwan da ake yi da su irin su cakulan, tayar mota, kujeru, takarda, ƙirgi, har gawayi. Abin da ta ce shi ne ba za a shigar da waɗannan kaya kasuwar Turai ba sai an cika sharaɗi uku: kada a ce an noma su a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disambar 2020, sannan an bi dokokin ƙasar da aka noma su, sannan kuma kamfanin da ya shigo da su ya shigar da wata sanarwa a manhajar Tarayyar cewa ya yi bincikensa ya tabbatar babu matsala, ko in akwai ma ba ta taka kara ta karya ba. Da farko ƙarshen 2024 aka ce za a fara aiki da ita, kuka ya yi yawa daga ƙasashe da kamfanoni aka ɗaga zuwa ƙarshen 2025, aka kuma sake ɗagawa zuwa ƙarshen 2026 ga manyan kamfanoni. Wannan ɗage-ɗagen ne ya sa wasu mutanenmu suke ganin ai abin wasa ne, alhali masu sayen kayan a can tuni suka fara tambayar takardu tun kafin ranar ta zo, don ba wanda zai so ya cika sitonsa da kayan da gobe ba zai iya sayarwa ba.

Kafin in wuce, mu nan arewa abin ya taɓa mu ne gefe-gefe. Riɗi, citta, zoɓo, ƙaro, kaɗanya duk babu su a lissafin. Fatar da majemun Kano na Chalawa da Sharaɗa suke fitarwa yawanci ta awaki da tumaki ce, ita ma dokar ba ta kama ta ba, shanu kawai aka ambata, mu kuwa fatar saniya ai ganda muke cinye ta. Inda za ta iya kama mutum shi ne waken suya na su Binuwai da Kaduna, da gawayi, sai kuma masu irin zuciyar abokina da suka tsallaka harkar koko.

To yanzu maganar satifiket. Tun kafin wannan doka akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da suke ba da shaidar cewa kaya an samar da su ba tare da ɓarna ba. Na katako akwai FSC da aka kafa a 1993 da PEFC ta 1999, na manja akwai RSPO tun 2004, na koko da kofi akwai Rainforest Alliance wadda ta haɗe da UTZ a 2018, ga kuma Fairtrade. Yadda abin yake, ƙungiyar ta rubuta ƙa'idoji, wani kamfanin odita ya zo ya duba gona ko ƙungiyar manoma, in ya gamsu a ba da takarda, sai a buga tambari a jikin kwalin cakulan, Bature a kanti ya gani hankalinsa ya kwanta ya biya ɗan ƙari. Shekara da shekaru a haka ake, don haka da aka zo rubuta dokar su kansu masu tambarin da kamfanoni sun so a ce duk mai riƙe da takardarsu ya wuce kawai ba bincike. Turawan suka ƙi. Abin da suka rubuta a sashe na 10 shi ne kamfani zai iya amfani da bayanan da ya samu daga irin waɗannan ƙungiyoyi a matsayin ƙarin hujja lokacin da yake auna haɗari, amma nauyin yana nan a wuyansa. Ni yadda na kwatanta wa Alhaji shi ne bambancin mai shaida da mai tsaya wa mutum a kotu. Mai shaida zai zo ya ce eh na san shi mutumin kirki ne, ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Wanda ya tsaya maka kuwa in ka gudu shi za a kama. Satifiket mai shaida ne kawai, in aka gano kokon daga gandun daji ya fito ba wanda zai je ya ci kwaɗo tara, kamfanin da ya shigo da kayan za a damƙa, kuma dokar ta ce kowace ƙasa ta sa mafi girman tarar ya kai aƙalla kashi 4 cikin ɗari na cinikin da kamfanin ya yi a Tarayyar a shekara, ban da ƙwace kayan da kuɗin da aka samu a kansu. Kamfanin da wannan ke jiransa kana ganin zai yarda da hoton takarda a waya?

Kuma gaskiya suna da dalilinsu na ƙin yarda. Na farko odita wanda ake bincika shi ne yake biyansa, wannan kowa ya san inda yake kaiwa, ba lallai cin hanci ba, amma mutum ba ya cika son ɓata wa mai ba shi aiki duk shekara. Na biyu, ƙananan manoma a ƙungiyance ake ba su takardar, kuma odita ba kowace gona yake shiga ba, a yawancin irin waɗannan tsare-tsare in ƙungiya tana da manoma 900 to gona wajen 30 zai duba, sauran 870 ɗin an dogara ne da abin da jami'an ƙungiyar suka rubuta da kansu. Sannan an sha samun rahotannin da suka zubar wa tambarin mutunci, misali a 2020 ƙungiyar Earthsight ta fitar da rahoto tana zargin katakon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba a Yukiren ya shiga kasuwa ɗauke da tambarin FSC. A koko ma tun 2017 ƙungiyar Mighty Earth ta nuna yadda ake nomansa a cikin dazuzzukan da gwamnatin Kwaddibuwa ta keɓe, ƙasar da dajinta ya zabge daga wajen hekta miliyan 16 a lokacin samun 'yancin kai zuwa ƙasa da miliyan 3, kuma duk wannan zabgewar ta ci gaba a shekarun da tambura suke ta yawa a kwalayen cakulan.

Amma babbar matsalar da ta fi duk waɗannan, wadda ita ce ta kama Alhaji, ita ce ta gauraya. In ka taɓa tsayawa a siton koko lokacin kaka ka san abin da nake faɗa. Ɗan acaɓa ya zo da rabin buhu, wata mata da kwano uku a ɗaure a zani, akori-kura ta sauke buhu ashirin daga ƙauyuka huɗu, yaron sito ya soka ƙarfe ya zaro 'ya'ya ya fasa ya duba ko sun bushe, a ɗora a sikeli, a zazzage a kan tamfol ɗaya a sake shanyawa, yamma ta yi a ɗure a sabbin buhuna a ɗinke. Daga wannan lokacin ko mai sito da kansa ba zai iya ce maka wannan buhun daga gonar wane yake ba. Masu satifiket sun san da haka tun tuni, shi ya sa suka ƙirƙiro wani tsari na lissafi kawai: in ka sayi tan 100 na mai takarda ka haɗa da tan 400 na wanda ba shi da ita, an yarda ka sayar da tan 100 da tambari, ko da ainihin 'ya'yan da ke cikin buhun ba su ne na gonar mai takardar ba. Adadi ake bi, ba a bin buhu. Kaso mai yawa na kokon da ke ɗauke da tambari ta wannan hanyar yake tafiya, haka ma manja, a RSPO har akwai matakin da kamfani zai sayi maki kawai ta intanet ba tare da ko ɗigon manjan ya iso masa ba. Dokar Turai ta rufe wannan ƙofar ruf, ba ta yarda a gauraya kayan da aka san asalinsu da waɗanda ba a sani ba, kuma in gona ɗaya tak cikin gonakin da suka cika kwantena ta faɗi jarrabawa alhali ba za a iya ware nata kason ba, duk kwantenar ta faɗi. Da na ce wa Alhaji ya tambayi mai sitonsa wane irin tsari takardarsu take, sai ga shi na lissafin ne. Shiru ya yi a waya na ɗan lokaci.

Abin da dokar take nema ƙarara shi ne lambobin taswira na kowace gona da kayan suka fito. In gonar ba ta wuce hekta 4 ba ɗigo ɗaya ya isa, in ta wuce sai an zana iyakarta gaba ɗaya, wato wani ya riƙe waya ya bi gefen gonar da ƙafa yana zagayawa manhaja tana ɗauka, ya tsallake rafi, ya kutsa cikin sarƙaƙiya, manomi yana gaba yana cewa nan ne iyakata da ta ƙanina, wani lokacin ƙanin ya fito ya ce ƙarya ne. Waɗannan lambobin ake ɗorawa a kan hotunan tauraron ɗan'adam a ga shin a ƙarshen 2020 wurin daji ne ko gona. Daji kuma a wurinsu yana da ma'ana tsayayya irin ta hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya: fili da ya wuce rabin hekta, bishiyoyi sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe sama da kashi 10 cikin ɗari na wurin, kuma ba gona ba ce ba gari ba.

A nan akwai wani abu da mutane ke ruɗewa a kai. Ko da dokar ƙasarku ta yarda ka sare dajin, in bayan 2020 ne Turai ba ta karɓa. A Birazil mai fili a yankin Amazon doka ta ba shi damar sare kashi 20 cikin ɗari na filinsa, halak ɗinsa ne a can, amma naman shanun da ya yi kiwo a wurin ko waken suyan ba zai shiga ba. Don haka satifiket ɗin da abin da yake shaidawa kawai shi ne an bi dokar gida, rabin aikin ya yi. Sannan kowace ƙungiya da tata ranar yankewa, Rainforest Alliance tana kallon farkon 2014, RSPO tana da ta 2005 a kan dajin asali ta ƙara wata a 2018, ka ga a kan rana ma sun fi Turawan tsanani, amma ma'anar dajin da irin sassaucin da kowa ya yi ba ɗaya ba ne, dole sai an zauna an gwada layi-layi.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya ce to ashe kuɗin banza ake kashewa, a'a. Ni a ganina wurin da satifiket ya fi amfani shi ne wurin da tauraron ɗan'adam ba ya gani. Sharaɗi na biyun nan na bin dokar ƙasa ya ƙunshi haƙƙin mallakar fili, haƙƙin ma'aikata, haraji, dokokin daji, da yardar mutanen asalin wuri kafin a taɓa ƙasarsu. Hoto daga sama ba zai nuna maka yaro ɗan shekara goma da adda a hannu lokacin makaranta ba, ba kuma zai nuna maka ko gonar ta gado ce ko ta aro ko kuwa cikin gandun gwamnati aka kutsa ba. Kuma a yankinmu manomi nawa ne yake da takardar fili? Sai dai dagaci da dattawa su shaida. Ƙungiyar manoma da ta yi shekaru tana karɓar odita ta riga ta saba da rajista, da adana rasit, da rubuta wane ya kawo kilo nawa, wannan sabon kuwa ba a koyonsa dare ɗaya. Akwai wani lissafi mai sauƙi da irin wannan rajistar take ba da damar yi: gonar koko a Afirka ta Yamma hekta ɗaya ba ta cika wuce rabin tan a shekara ba, to in ka ga mai hekta biyu ya kawo tan goma da sunansa ai ka san na maƙwabta ne ko na cikin gandu ya bi ta hannunsa. Da haka ake kama wankin koko, wato shigar da na wani wuri da sunan gona mai takarda, ba da tauraro ba.

Shi kansa tauraron yana kuskure. A Kamaru ana noman koko ƙarƙashin manyan bishiyoyi, haka kofi a Habasha, daga sama sai ka rantse daji ne alhali gona ce tun zamanin kakanni. Ranar da manomin ya rage wasu bishiyoyi don rana ta shiga, na'ura sai ta kunna jar wuta wai an sare daji. Wa zai je ya tsaya a gonar ya ɗau hoto ya kawo tsohuwar rajista ya ce gonar nan tana cikin littafinmu tun 2015? Jami'in ƙungiyar da ke da satifiket ne. Manomin da ba ya cikin kowace ƙungiya kuwa kamfani ba zai wahalar da kansa ba, goge sunansa kawai zai yi daga jerin masu kawo kaya, abin da ni ya fi damuna ke nan a duk lamarin, don wanda ya fi kare bishiya a gonarsa shi ne zai iya fara shan duka.

Su ma masu tambarin ba su zauna ba, da suka ga kasuwarsu na neman kuɓucewa sai suka gyara. A 2024 FSC ta fito da wani ƙarin kunshi na musamman don daidaitawa da dokar, Rainforest Alliance ma ta ƙara sharuɗɗa ga masu son kai koko da kofi Turai, yanzu abin da suke tallatawa shi ne za mu tattara maka lambobin gonaki da hujjoji mu miƙa wa mai saye. Wato sun koma masu haɗa fayil. Takarda ɗaya da dokar ta ba matsayi na daban ita ce lasisin katako na FLEGT, wanda yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da gwamnati kuma Indunusiya ce ta fara bayar da shi a 2016, shi ma iyakarsa ya shaida an bi doka, maganar sare daji sai an kawo taswira.

Sai kuma rabon ƙasashe da aka fitar a watan Mayun 2025. Huɗu kawai aka sa a jerin masu babban haɗari, Rasha, Belarus, Koriya ta Arewa da Myanmar, abin da ya ba masu fafutukar daji haushi don siyasa ta fi daji yawa a jerin. Gana ta samu shiga masu ƙaramin haɗari, Najeriya, Kwaddibuwa, Kamaru, Birazil da Indunusiya suna tsakiya. Bambancin shi ne yawan binciken da hukumomin Turai za su yi, kashi 1 na kamfanoni ga masu ƙarami, 3 ga na tsakiya, 9 ga masu babba. Amma ko ƙaramin haɗari ne lambobin gona dai sai an kawo.

Gana da Kwaddibuwa, da su biyun suke noma wajen kashi 60 cikin ɗari na kokon duniya, suna da hukumomi masu ƙarfi, COCOBOD a Gana da hukumar kofi da koko a Abijan, sun yi rajistar manoma sun auna gonaki, Kwaddibuwa har kati ta raba wa manoma. Mu Najeriya tun 1986 aka rushe hukumar koko lokacin tsarin SAP, kasuwa ta koma hannun 'yan kasuwa, don haka yawancin aikin aunon gonaki a Ondo, Osun, Ogun da Ikom ta Kuros Riba manyan kamfanonin fitarwa ne suka ɗauki nauyinsa, kowa da nasa manoman da tasa manhajar. Ga kuma matsalar gandun daji irin na Omo a jihar Ogun wanda kamfanin dillancin labarai na AP ya yi bincike a kansa a ƙarshen 2023 ya nuna yadda kokon cikinsa yake shiga sitocin masu saye. Sakamakon shi ne lambobin gonar manomi suna kwamfutar kamfanin da ya auna, in wani mai saye ya zo da farashi mafi kyau manomin ba shi da abin nunawa, ya zama ɗaurarre. Ƙarin kuɗin da tambari ke kawowa ma ba wani abin a zo a gani ba ne, Fairtrade a 2019 ta sa dala 240 a kan tan, Rainforest Alliance a 2022 ta sa mafi ƙarancin nata dala 70, ka ɗora wannan a kan farashin dala dubu 10 na 2024, ka cire kuɗin odita da na jami'ai, sai ka gane me ya sa manomi zai sayar wa duk wanda ya fara isowa da tsabar kuɗi.

Abin da na ce wa Alhaji ya je ya nema a wurin mai sitonsa bai wuce abu huɗu ba: fayil ɗin lambobin gonakin da kansa ba hoton satifiket ba, rasit ɗin da ke haɗa kowane buhu da sunan manomi, ɗaki daban a siton da ba a zuba kokon 'yan acaɓa a ciki, da kuma amsa a rubuce kan ko akwai gonar da ta faɗa cikin gandun gwamnati. Mai siton ya ce fayil ɗin yana hannun babban kamfanin da ya biya kuɗin aunon, kuma ba za su ba shi ba tunda shi Alhaji kishiyarsu ne a kasuwa. Yanzu dai kwantenar farko ya ce Asiya zai tura ta inda ba a tambayar taswira, ya kuma sa a yi masa lissafin nawa zai ci ya ɗauki yara huɗu da wayoyi su zagaye gonaki ɗari biyu kafin kaka mai zuwa.